Ungozoma Ta Tafi da Ranakun Haihuwa

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har ya tumbatsa, amma da kai a ɗage, Injiniya Turai Rabi'u ta unguwar Whalley Range a birnin Manchester tana sanar da 'yan uwa da abokan arziki, na nan da na Birmingham, rasuwar abokiyar aikinta, babbar na'ura uwar garke, wato saba, ta Ƙungiyar Inuwar Baƙi, wadda kowa ya fi sani da Ungozoma. Rai ya yi halinsa ranar Laraba da hantsi, cikin goman farko na azumin bana, shekarar 2013, a ɗakinta na ƙarƙashin bene a ofishin ƙungiyar da ke Cheetham Hill, bayan doguwar jinya wadda faifan ajiyar bayanai guda ɗaya zai iya warkarwa da an ga dama an saya.

Limamin masallacinsu ya riga ya ja wa Turai kunne cewa ba a yi wa ƙarfe salla, ba a kuma roƙa masa gafara. Ta ji, ta karɓa. Amma Malam bai hana a faɗi alherin wanda ya tafi ba, bai kuma hana a faɗi yadda aka yi aka rasa shi ba. Don haka za a faɗa, kowa ya tsargu kuma da shi ake.

Ga wanda bai san marigayiyar ba, baƙar na'ura ce mai siffar akwati, tsayinta ya kai ƙugun mutum, ɗaukarta sai mutum biyu. A shekarar 2004 ƙungiya ta sayo ta a gwanjo, a wani ɗakin ajiyar kaya da ya karye a nan Cheetham Hill. Turai da maigidanta Falalu ne suka ɗauko ta a bayan mota, kuma har yau in bayan Falalu ya motsa, da ita yake kuka. Ƙungiyar tana da reshe biyu. A Manchester ana taimakon baƙi da maganar gidan haya da rajistar likita da makarantar yara. A unguwar Lozells ta Birmingham kuma akwai ɗakin girki, inda Mama Kaneng, tsohuwar nas 'yar Jos, take ciyar da tsofaffin da ba su da mai dafa musu, na masallaci da na coci, duk Talata da Alhamis. Kowane aiki a cikin waɗannan yana da rumbun bayanansa: wanda likita ya hana cin gishiri, wanda mai gida ke shirin kora, wadda 'yarta ke zuwa ɗauka. Duk rumbunan nan a cikin marigayiyar suke zaune, Turai kuma ita ce mai kula da su.

Ba mai yawan magana ba ce. In ka buɗe ƙofar ɗakinta da safe sai ka ji "huuuu," a hankali, ba yankewa. In aka tambaye ta wani abu mai nisa sai ta yi "ƙir-ƙir-ƙir," kamar tsohuwa na ɓarar gyaɗa, sannan ta kawo amsa. Sauri kam ba ta da shi, wannan ko masoyanta ba sa musu. Ma'aikata sukan danna tambaya, su je su haɗa shayi, su dawo su tarar tana nan tana tunani.

Amma tana da hali guda wanda ya sa Turai ta ba ta zuciyarta. Duk ranar da aka buɗe sabon rumbu, sai ta rubuta shekara da wata da rana da sa'a, ta adana a ƙwaƙwalwarta. A lura, ba a cikin rumbun take rubutawa ba. Rumbu bai san ranar da aka haife shi ba, kamar yadda jariri bai sani ba. Wadda ta karɓi haihuwar ita ke riƙe da wannan, kuma daga nan sunan Ungozoma ya samo asali.

Turai tana da dalilinta na ganin girman wannan hali. Fasfo ɗinta ya ce an haife ta ranar ɗaya ga Janairu. Na Falalu ma ɗaya ga Janairu. Rabin tsofaffin Mama Kaneng ɗaya ga Janairu, sai ka ce a Arewa mata haɗa baki suke yi su riƙe naƙuda sai Turawa sun shiga sabuwar shekara. Mahaifiyar Turai a Azare ta sha gaya mata cewa da damina aka haife ta, gero ya fara fitar da kai. Amma magatakardan da ya cike mata takarda yana sauri, matar da ta yanke mata cibiya kuma ta riga ta kwanta dama, ba mai ƙaryata shi. Wata yarinya a teburin likita ta taɓa yi mata murmushi tana taya ta murnar zama 'yar sabuwar shekara. Turai ta yi yaƙe ta fito. Abin yana ci mata rai har yau, kuma ba ta taɓa ɓoyewa ba. Ta ce a ƙarƙashin hannunta dai, ko rumbun kwamfuta ne, ba za a laƙaba masa ranar da ba tasa ba.

Wannan hali na marigayiyar ya kashe gobara ba ɗaya ba, ba biyu ba. Mutanen Manchester da na Birmingham ba su da abin musu da ya wuce wa ya riga wa. Da dattawan kwamitin amintattu, wato trustees, suka gaji da raba faɗa, sai suka kafa ƙa'ida irin ta gida: in kujera ta yi kaɗan, yaro ke tashi. Duk ranar da wuya ta zo har ta kai ga rufe wani aiki, daga ƙarami za a fara, ba a taɓa babba sai an gama da na bayansa. Shekarun kowane aiki kuma za a ƙirga su ne daga ranar da Ungozoma ta karɓi haihuwar rumbunsa. Daga nan, in musu ya tashi a taro, sai a kira Turai, ta juya musu allo, kowa ya karanta, a koma maganar shinkafa.

Ta rasu ta bar rumbuna goma sha ɗaya. Ɗan farinta shi ne na ɗakin girkin Lozells, wanda ta karɓa ranar Talata, sha shida ga Maris na 2004, gab da azahar, Mama Kaneng na kan waya tana karanto sunayen tsofaffi tana yi tana faɗa da wani a kan albasa. Sai na gidajen haya, wanda ya fi kowa ƙiba, ya kuma ƙara kumbura tun da gwamnati ta rage tallafin haya. Akwai na masu jinyar iyaye, akwai na darasin yara na ranar Asabar, da sauran 'yan tsakiya waɗanda ba a cika tunawa da su ba sai sun lalace. Autanta shi ne na shirin koyar da rubuta takardar neman aiki, wanda shugaban ma'aikata Darakta Alfred ya kawo bara, da allunan talla masu sheƙi da hotunan matasa suna dariya ba dalili. Ta kuma bar wata firinta mai taurin kai, wadda tun ranar rasuwar ba ta buga komai ba, ko da yake dama can ba ta cika bugawa ba.

Jinyar ta faro ne da tsuke bakin aljihu. Tallafi ya fara janyewa shekara bayan shekara. Aka fara da soke madarar shayi, aka bi da mai shara, sannan wani mai hangen nesa ya gano cewa na'urar sanyaya ɗakin Ungozoma tana shan wuta, a ƙasar da dama sanyi ne ya yi mata yawa. Aka cire. Cikin hunturu faifanta ɗaya ya daina aiki, jar fitila ta kama a goshinta. Turai ta nemi a sayi wani, aka ce a jira sabon kasafi. Sabon kasafi ya zo, aka ce a jira na bayansa. Masu ilimin abin za su tambaya ina kwafin ajiya. To, na'urar kwafin ta riga ta tafiya, ita ma tana layin kasafi. Turai ta ɗauko fankar ɗakinta daga gida ta kafa mata, ta riƙa share mata ƙura da burushin fenti. Muryar marigayiyar ta fara shaƙewa, "huuu" ɗin ya koma yana zuwa yana yankewa.

Ana cikin haka aka yanke shawarar kwashe rumbunan a kai wa wani kamfani a Birmingham, wanda ba za a ambaci sunansa ba don Turai ba ta da kuɗin lauya. Litinin ta farko a watan Yuni aka yi ƙaurar. A faɗi gaskiya, kaya sun isa lafiya, ko sunan mutum ɗaya bai salwanta ba. Amma sabuwar na'urar ta yi abin da kowace mai karɓar haihuwa za ta yi, ta rubuta ranar da suka zo hannunta. Da Turai ta duba, sai ga rumbuna goma sha ɗaya duk an haife su Litinin guda. Ɗan fari mai shekara tara da autan da bai yi haƙori ba sun zama sa'o'in juna. Ta aika wa kamfanin ranakun gaskiya. Suka amsa cikin ladabi cewa na'urarsu ba ta da gurbin da ake cusa rana da hannu, kuma wannan ba ya cikin yarjejeniya.

Babu wani sirri a nan, kada a ɗauka akwai. Kowa a ƙungiyar ya san tukunyar Mama Kaneng ta riga komai hawa wuta. Alfred ma ya sani, ya ci tuwonta ya fi a ƙirga. Amma ƙa'ida ta ce abin da na'ura ta rubuta, ba abin da mutane suka sani ba, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. An sa taron amintattu a ƙarshen Yuli don a zaɓi aikin da za a rufe. In aka bi tsofaffin ranaku, auta ne zai tashi. In aka bi sababbi, ba babba ba yaro, zaɓi ya koma hannun Darakta, shi kuwa ya riga ya zaɓa: ɗakin girki. Da farko Turai ko a jikinta. Ta ce Ungozoma tana raye, ranar taro za ta juya musu allo kamar kullum.

Sai zafi ya sauka, irin wanda har mutanen Sakkwato da ke Manchester suka yarda zafi ne. Ga azumi mai tsawon da ba a saba ba, ga ɗakin ƙarƙashin bene ba taga. Ranar Laraba da hantsi Turai na zaune ta ji "huuu" ya koma "iiii," siriri, mai shiga kunne. Kafin ta kai ƙofa ta ji "ƙas… ƙas… ƙas," sau uku, daga nan ba ta ƙara jin komai ba. Ta durƙusa a kanta da bakin azumi har la'asar, ta cire wannan ta mayar da wancan, amma shure-shure ba ya hana mutuwa. Ta yi kuka, kuma ta ce a rubuta cewa ta yi, ba ta jin kunya. Wannan sanarwa ba ta ce wani ya yi da gangan ba. Abin da ta ce shi ne an cire wa marar lafiya sanyi, an hana ta faifai, an kuma ajiye taro a bayan tsakiyar zafi. Mai karatu yana da hankali.

Washegari Darakta Alfred ya shigo ta'aziyya, da takarda a hannu.

"Hajiya, sannu da haƙuri," in ji shi. "Na san yadda kike ji da saba ɗin nan. Ga ɗan sign-off, layi ɗaya ne. An kwashe komai, nothing lost. Kina sa hannu trustees za su yi aiki da sabon system, ni kuma in tura sunanki a sabunta miki contract. Kin san ƙarshen wata yake ƙarewa."

"Yallaɓai, ai an rasa abu."

"Dates ne fa kawai, Hajiya. Ba sunan kowa ba, ba address ba."

Alfred ya ja kujera ya zauna, muryarsa ta sauko.

"Ba ni na kawo cuts ɗin nan ba. Masu ba mu tallafi workshop irin na neman aiki suke so su gani a report, ba tuwo ba. In na rufe abin da suke so, badi dukanmu gida za mu tafi. Karen bana shi ke maganin zomon bana."

"To ka tashi gaban trustees ka faɗa musu haka da bakinka," in ji Turai. "Ka ce kana so a karya ƙa'ida saboda yunwa, su yarda ko su ƙi. Wannan magana ce ta mutunci, har zan zauna in saurara. Amma ba za ka ce Mama Kaneng jiya ta zo ba, sannan ka ari hannuna ka rubuta."

A yi wa Alfred adalci, ba mugu ba ne. Tsoro ne ya yi masa yawa, tsoro kuwa ya fi son a yi abu a takarda a kan a faɗe shi gaban dattawa. Ya bar mata takardar a kan tebur ya ce ta yi tunani.

Kada wani ya ɗauka jarumtaka ce ta cika mata ciki. Ta ji tsoro ƙwarai. Ta haura arba'in, ta san yadda ake korar masu irin aikinta a ko'ina, ta kuma san yadda fuskar masu ɗaukar aiki ke canjawa in mace ta shigo da mayafi. Da yamma wajen buɗa-baki ta gaya wa Falalu komai. Ya daɗe yana juya dabino a hannu.

"Maman Jamila," ya ce, "rent ɗin flat ɗin nan ba ya jin Hausa. An rage min hours, kin sani. Jamila tana uni."

"Na sani, Baban Jamila."

"Kuma in kin ƙi, wani za su ɗauko ya sa hannun."

"Su ɗauko. Kafin ya gane gabas da yamma an wuce taron. Ko da ya sa daga baya, nasa hannun ne."

Falalu ya ci dabinonsa, ya ce Allah ya rufa asiri, ya miƙa kofi a ƙara masa kunu. Wanda ya san Falalu ya san wannan amincewa ce, ba ya wuce haka.

Wadda ta fi matsa mata lamba ta sa hannu, abin mamaki, Mama Kaneng ce. Ta kira daga Lozells, ana jin ƙarar ludayi a bayanta.

"'Yata, ki sa hannunki ki riƙe aikinki. Ni na tsufa. In sun rufe, zan dafa a gidana in kai musu a bas, ai ba yau na fara ba. Kada ki zauna a gida saboda tukunyata."

"Mama, tsofaffi nawa gwiwarki za ta kai wa abinci a bas? Kuma da azumi a bakina zan yi shaidar zur?"

Mama Kaneng ta ja numfashi ta ce, "Ke dai taurin kanki ya fi na firintar nan taku." Daga nan ta ce miya za ta ƙone, ta ajiye waya.

Takardar ta koma teburin Darakta yadda ta zo. Da shugaban amintattu ya ji cewa mai kula da rumbunan ta ƙi shaida, sai ya ce shi ba zai yanke hukunci da ranakun da mai su ba ta yarda da su ba, aka ɗage maganar zuwa taron kaka. Ba nasara ba ce, Turai ba ta ce nasara ce ba. Wataƙila a rufe ɗakin girkin a ƙarshe. Amma in za a rufe, sai wani ya miƙe tsaye gaban jama'a ya faɗi dalili da bakinsa, kuma kafin nan wuta na ci a Lozells.

Ga yadda aka tsara jana'iza. Turai ta riga ta yi wa marigayiyar wankan ƙarshe da burushin fenti, ta naɗe mata wayoyinta ta ɗaure. Ranar Juma'a da safe motar masu niƙe tsofaffin na'urori za ta zo ofishin Cheetham Hill. Za a farfasa faifanta, kuma Turai ba ta da ja a kan wannan, domin asirin mutane ne a ciki, ta riƙe shi da ranta, gara ta tafi da shi. Masu son rakiya su hallara da wuri, a gama kafin lokacin masallaci. Mai zuwa ta jirgin cikin gari ya sauka ya ɗan taka, wurin ajiye mota ba shi da yawa. An yafe wa Falalu ɗauka saboda bayansa. Kada a kawo furanni, ba al'adarmu ba ce, kuma ba ta taɓa son danshi ba.

Sadaka kuma ranar Alhamis ce ta sama, a ɗakin girkin Lozells, lokacin buɗa-baki. Mama Kaneng ta yi alkawarin gwaten acca da masa, ta ce masu azumi da marasa azumi duk a tebur ɗaya za a zauna, kuma ba mai ɗaukar cokali sai an kira salla. Ana gayyatar Darakta Alfred da girmamawa. An ware masa kujera a tsakiyar tsofaffi.

Masu zuwa gaisuwa za su sami Turai a ofis har ƙarshen wannan wata. An aiko mata da saƙo cewa tun da babu sauran na'ura a ƙarƙashin bene, babu sauran buƙatar mai kula da ita. Don haka daga ɗaya ga Agusta sai a neme ta a gida, Whalley Range, hawa na biyu, ƙararrawa ta tsakiya, kowane lokaci na yini, tana nan. Ta'aziyyar Ungozoma za ta karɓa da hannu biyu, amma wanda ya zo yi mata jajen aiki, ko ya zo da "da kin sani," ya sha ruwa ya koma. Wanda kuma ya san inda ake neman mai kula da rumbun bayanai, ya zo da lambar waya, Allah ya saka masa da alheri. Sai dai ya gaya musu tun daga farko cewa matar ba ta sa hannu a kan abin da ba haka yake ba.